Faifanmu na Farko da Rigimar Harafin Ƙ

Tun da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa a mujallar bana nake ta jan ƙafa, domin abin da nake son rubutawa ba irin wanda aka saba gani a waɗannan shafuka ba ne. Ba nazarin waƙar Shata ba ne, ba kuma sharhin wani littafi ba. Labarin wani ɗan faifai ne mai waƙa 9, wanda tsawonsa duka minti 17 ne, da ni da wasu abokaina huɗu muka yi a Jos a daminar 2022. Ban kaɗa komai a cikinsa ba, muryata ma ba ta fito ba. Aikina shi ne gyaran Hausa, kuma a wurin gyaran nan ne na kusa raba kan mutanen da suka kira ni in taimaka musu.

Ni haifaffen Jos ne. An haife ni a 2002, shekarar da babbar kasuwar Taminus ta ƙone, don haka ban taɓa ganinta a tsaye ba sai a hoto. Iyayena mutanen Pankshin ne, harshenmu na gida kuwa Ngas, wanda Hausawa suka fi sani da Angas. Hausa a titi na tsince ta, da kasuwa, da coci, inda har yau da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki a sujadar safe. Na taso ina ganin na iya Hausa sarai, har ranar da na shiga ajinmu na shekarar farko na ce "mamana ya zo jiya", aji ya fashe da dariya. Ban manta wannan rana ba. Daga nan na ɗaura ɗamarar koyon jinsi, da bambancin ƙ da k, da tsawon wasali, kamar mai ramuwar gayya. Kafin shekara ta zagayo na zama irin mutumin nan da ba a iya gama jimla a gabansa bai ɗaga yatsa ba.

A wannan hali yajin aikin malaman jami'o'i ya same ni. An fara shi ranar 14 ga Fabrairu 2022, aka ce na mako huɗu ne, ashe wata takwas za mu kwashe a gida. Ina isa Jos na tarar ɗan kawuna, wanda nake kira Yaya, ya haɗa wata ƙungiya. Shi Yaya makaɗin jita ne a cocinmu, ran Lahadi za ka gan shi cikin farar riga yana kaɗa wa mawaƙa a hankali, amma a wayarsa akwai wani irin kiɗa da ya samo a intanet wanda in ka ji sai ka ɗauka injin markaɗe ne ya haukace. Sunan kiɗan pank. A nan ma akwai abin lura ga ɗalibin harshe, domin bakin Bahaushe ba ya raba p da f, sai ya ce fank, alhali fank wani kiɗa ne dabam, irin na James Brown. Mahaifiyata ta huta da wannan matsala, ita "haukan yaran nan" take ce masa.

Ga wanda bai sani ba, pank ya taso ne a tsakiyar shekarun 1970 a biranen Niyu Yok da Landan, wajen matasan da suka gaji da manyan mawaƙa masu tsadar kayan kiɗa da dogayen waƙoƙi. Suka ce jita ɗaya da ganga da maƙogwaro sun isa. Zuwa ƙarshen shekarun sai aka sami waɗanda suka ƙara masa sauri da zafi, aka kira nasu hadko, wato mai tsanani. Ƙungiyar da Yaya ya fi ƙauna ita ce Bad Brains, kuma dalilinsa a fili yake: baƙaƙen fata ne su huɗu daga birnin Washinton, biyu daga cikinsu wa da ƙane, a cikin wani fagen da kusan duk Turawa ne. Da gidajen rawa na garinsu suka rufe musu ƙofa sai suka koma Niyu Yok, suka ɗauki faifansu na farko a wani ƙaramin situdiyo a 1981, aka fitar da shi a 1982 a kaset kaɗai, da hoton tsawa tana faɗa wa ginin majalisar Amurka a bangonsa. Yaya ya kuma ba ni labarin wasu samari na Washinton ɗin da suka kafa kamfanin Dischord a 1980, waɗanda suka buga kwafi 1,000 na faifansu na farko, suka zauna suka yanka bangon suka ninke suka manne da hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ja hankalinsa ke nan, cewa ba sai ka jira wani mai kuɗi ya ba ka izini ba.

Na ce masa, "Yaya, ai Jos ba ta rasa mawaƙa ba, me ya kai ka har Amurka?" Gaskiya ce kuwa. Tagwayen nan Peter da Paul na P-Square a Jos aka haife su, a makarantar St. Murumba suka fara rawa da waƙa, kafin faifansu na farko Last Nite ya fito a 2003. M.I Abaga a Jos ya tashi, faifansa na farko Talk About It ya fito a Disamba 2008, 'yan makonni bayan rikicin da aka yi a garin a ƙarshen Nuwamba. Ga ƙanensa Jesse Jagz, ga Ice Prince, ga Jeremiah Gyang da ya sa 'yan Legas rera Hausa, ga kuma Panam Percy Paul a ɓangaren waƙoƙin bishara. Yaya ya ce duk ya sani, amma kusan dukkansu sai da suka haɗa da Legas ko Abuja kafin duniya ta ji su, shi kuwa yana son abin da za a yi a Jos, a ji haushin Jos a cikinsa.

Su huɗu ne. Ban da Yaya akwai mai waƙa, wani Birom ɗan unguwar Kabong, siriri mai murya kamar ta kwandastan mota. Akwai mai jitar bes, Ibo, wanda a Jos aka haifi ubansa ma. Sai mai ganga, Bahaushe ɗan Gangare, mai gyaran waya a kusa da Taminus. Gidansu mahauta ne, da kalangu ya buɗe ido, gangunan zamani kuwa, waɗanda mu a coci muke kira jaz, a bidiyo ya koye su yana dukan bokiti da murfin tukunya. Wajen gyaran waya suka haɗu da Yaya, ya ga waƙoƙin da ke ciki ya tambaya. Harshen da ya haɗa su huɗun nan Hausa ce, sai Turancin buroka in gardama ta yi zafi. Suna kuwa ba su taɓa daidaitawa a kan ko ɗaya ba, har faifan ya fito babu sunan ƙungiya a jikinsa.

Matsalar farko ita ce wurin gwaji. Wanda bai zauna Jos ba zai ga abin wasa ne, tunda daga Gangare zuwa Kabong ba wata tafiya ba ce a keke. Amma tun daga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 2008, da na Janairu 2010, garin ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san inda zai kai magariba da inda ba zai kai ba, ba tare da an kafa allo ba. Kuma a lokacin da nake magana ciwon bai daɗe da tashi ba, domin a ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe fiye da mutum 20, aka sa dokar hana fita, kwana 10 bayan haka kuma aka kai hari ƙauyen Yelwa Zangam da dare aka kashe mutane da dama. Gangunan da muke iya samu na coci ne, ba a fitar da su, mai ganga kuma ba zai iya gaya wa mahaifinsa cewa coci yake zuwa kullum ba. A ƙarshe mai bes ya roƙi babansa wani sito a bayan shagonsu a tsakiyar gari, muka yi karo-karo muka sayi tsofaffin ganguna da wata lasifika mai tsagaggen baki. Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana muke da izini, kafin masu shagunan maƙwabta su fara buga ƙofa.

Ni kuwa aka ce tunda Hausa nake karantawa a jami'a, in duba musu baitoci. Aka miƙo mini littafin rubutu na 'yan firamare, na buɗe, na ga abin da ya tayar mini da tsohon ciwona. Babu ƙugiya ko ɗaya, mace "ya" namiji "ya", ga "wai" da "kuma" an zuba su kamar gishiri. Na ɗauki jan biro na shiga aiki. Ban tsaya ga gyaran nahawu ba, na sake gina baitocin, na daidaita amsa-amo, na auna gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi kamar yadda aka koya mana a darasin waƙa, na cusa kalmomi irin su "al'umma" da "zalunci" da "tabbas". Inda mai waƙa ya rubuta cewa ruwan famfo bai zo ba wata uku, na mayar da shi batun tauye haƙƙin talakawa. Tun daga ranar suka laƙaba mini Malam Nahawu. Na ɗauka yabo ne.

Wanda ya fara sauke ni daga kan wannan doki mahaifin mai ganga ne. Da Babbar Salla, a watan Yuli, abokinmu ya gayyace mu cin nama. Ina da shekara 20 a duniya, a garin aka haife ni, amma ranar ce na fara taka cikin Gangare. Ban gaya wa mahaifiyata inda za ni ba. Muka gaida Baba a zaure, aka kawo tuwo da soyayyen nama, hira ta yi hira har ɗansa ya kunna masa abin da muka ɗauka a waya. Tsohon ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce a karanto masa kalmomin, tunda kunnensa bai kama ko ɗaya ba. Na gyara zama na karanta da alfahari. Ya ce, "Ɗana, wannan kai ka rubuta?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Hausarka ta fi tawa kyau. Irin ta masu karanta labarai ce. Amma wanda ransa ya ɓaci ba haka yake magana ba."

Daga nan ya shiga ba mu labarin Ɗan Maraya, wanda ya sha gani da idonsa. Mu duka mun san sunan, mun san a Bukuru aka haife shi a 1946, ya rasu a Yunin 2015, amma ban taɓa tunaninsa ta fuskar da Baba ya kawo ba. Ya ce mutumin nan da kuntigi kaɗai ya zagaya duniya, ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Ba ya da 'yan amshi, ba ya jiran fada. Ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da manyan makaɗa ke bin sarakuna. Kuma duk abin da ya faɗa, yaro da babba sun ji. A hanyar komawa Yaya bai yi magana ba sai da muka kai Taminus, sannan ya ce, "Ashe mai pank ɗin farko a garin nan ya rayu, mu muna can muna neman na Washinton." Ni dai abin da na ɗauko shi ne in koma in cire duk kalmar da ba za a iya faɗa wa kwandasta ba. Na mayar da ruwan famfo wurinsa.

To, sai dai sauƙaƙa kalmomi bai kashe matsalar ba, kuma a nan ne nake son 'yan ajin tsarin sauti su matso kusa. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan karin sauti da tsawon wasali. Mun sha misalin wuya ta jiki da wuya ta wahala, ko gari na mutane da gari na tuwo. Makaɗan gargajiya sukan bi da waƙarsu ta yadda hawa da saukar murya ba za su yi faɗa da karin kalma ba, kalangu ma da wannan yake magana. Shi kuwa kiɗan hadko, mai waƙa ihu yake yi a kan kusan murya ɗaya daga farko har ƙarshe, ga sauri wanda mai gangarmu yakan kai bugu 200 a minti. A irin wannan gudu karin sauti ya tafi, dogon wasali ya matse ya koma gajere. Abin da ya rage wa mai sauraro shi ne baƙaƙe da kuma ma'anar jimla. Ke nan harafin da nake gyarawa don gudun dariyar aji ya zama shi ne ke ɗauke da kaya.

Waƙa ta bakwai mai ganga ne ya kawo amshinta, layi ɗaya tak: "Mu ba baƙi ba ne." Ku duba kalmar da ke tsakiya. Akwai baƙi na launi, mai gajeren wasali a gaɓar farko da karin sama-sama. Akwai baƙi jam'in baƙo, mai dogon wasali da karin ƙasa-sama. Akwai kuma baki na cin tuwo, wanda tsawonsa da karinsa daidai suke da na biyun, k ce kawai ta raba su. Idan ihu ya cinye kari da tsawo, na farko da na biyu sun zama ɗaya. Idan mai waƙa kuma bai iya ƙ ba, duka ukun sun haɗe. Namu mai waƙar bai iya ba. Duk sanda ya zo wurin sai mu ji "mu ba baki ba ne", mai bes ya tsaya da kiɗa ya ce, "To, hanci ne mu?"

Na yi mako biyu ina koya masa. Na bayyana masa abin da muka karanta a littafin Farfesa M.A.Z. Sani, cewa ƙ bahanɗe ne tunkuɗau, ba da iskar huhu ake yin sa ba. Sai ka rufe maƙwallato, ka tare iska tsakaninsa da hanɗa, ka tunkuɗo ta waje. Na san wahalar da kaina, don harshenmu na Ngas yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ, a gaban madubi na koye shi. A zaune, a hankali, yakan samu sau ɗaya cikin biyar. Da an saki kiɗa sai ya ɓace, kuma da dalili: mai ihu huhunsa a buɗe yake yana turo iska ba tsayawa, ƙ kuwa tana bukatar ya datse iskar na ɗan lokaci a tsakiyar kalma. Ko Bakano sai ya yi da gaske a wannan sauri.

Da na gaji sai na kawo shawarar da nake ganin ta malamai ce. Na ce a mayar da layin tilo, a ce "ni ba baƙo ba ne", tunda ko an ce bako babu wata kalmar da za a rikita ta da ita. Mai ganga ya ce sam. Ya ce ba shi kaɗai yake nufi ba. Kakansa an kawo shi Filato ne aikin tilas na haƙar kuza a lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, a nan ya mutu, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife shi, amma har gobe in ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa sai a tambaye shi garinsu na asali. Ya ce "mu" ɗin nan ita ce waƙar.

A nan ne mai waƙa ya ajiye makirufo. Ya ce, da irin Hausarsa da na sha yi wa jan biro, "Malam, ka bar wahala. Ko na iya k din nan naka, ba zan fada ba." Muka yi tsit. Ya ce shi bai taɓa kiran abokinsa baƙo ba, kuma ba zai kira ba. Amma wannan magana a Jos kowa ya san ta bakin wane ɓangare take fitowa. Ƙanen mahaifinsa yana cikin waɗanda bam ya kashe a Kabong a jajibirin Kirsimeti na 2010, ya fita sayen kayan miya bai dawo ba. Idan aka ji muryarsa a unguwarsu yana ihun wannan layi, za a ce ya sayar da ƙasar kakanninsa, kuma shi kansa bai tabbata ba haka ba ne. Mai ganga ya ce su ma yayansa ya fita a Janairun 2010 ba a sake ganinsa ba, ko gawa ba su samu ba. Watanni biyar suna kiɗa a ɗaki ɗaya, babu wanda ya san na ɗan'uwansa sai ranar.

Na zauna riƙe da littafina ina jin kunya. Mako biyu ina fama da maƙogwaron mutum, ban taɓa tambayarsa ko yana son faɗin abin ba. Kuma ni ne ya kamata in fara ganewa, domin a ajinmu ni ma an sha tambayata abin da ya kawo Angas karatun Hausa, a gida kuma kawuna yakan ce na bar harshen uwata na je ina bauta wa na wasu.

Kwana tara ba a yi gwaji ba. Na ɗauka ƙungiya ta mutu. Mai bes ne ya bi su ɗaya-ɗaya, shi da ya ce a wannan gardama ko tambayarsa ba a yi, alhali in P-Square suka ci kyauta kowa a garin cewa yake "yaranmu na Jos". Ban san abin da ya gaya musu ba. Ranar da aka dawo, mai waƙa ya zo da wata 'yar takarda, ya miƙo mini ya ce in duba masa, amma kada in taɓa komai sai in akwai kuskure. Layi ɗaya ne: "Mu ma ba mu da wani gida." Babu kuskure, babu kuma ƙ a ciki. Aka shirya mai ganga ya yi ihun layinsa daga bayan ganguna, mai waƙa ya mayar masa da nasa, sau takwas, kiɗa ya tsaya. Ba su sasanta a kan wane ne ke da gaskiya ba, har yau kuwa in aka tayar da zancen sai an yi musu.

A watan Agusta muka shiga situdiyo, wani ɗaki a Tudun Wada da aka lulluɓe bangonsa da katifu da kwalin ƙwai. Mai wurin, wanda muke kira Oga, ya saba ɗaukar ƙungiyoyin zumuntar mata da masu gambarar zamani. Tsarinsa shi ne ya haɗa kiɗa a fiyano da kwamfuta, mai waƙa ya shiga ya hau kai, a gyara murya da na'ura. Da muka ce mu duka za a ɗauka a lokaci guda, da ganguna na gaske, ya dube mu ya ce makirufonsa huɗu ne kacal, kuma in lasifikarsa ta fashe mu za mu biya. Da Yaya ya murɗa jitarsa ta fara kuka, Oga ya ruga ya rage, wai waya ce ta lalace. Sai da aka kunna masa Bad Brains a waya kafin ya yarda cewa da gangan ake yin wannan ƙara. Ya girgiza kai ya ce ya ji Buzayen Nijar ma suna irin haka da jita. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, don Mdou Moctar ma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma ta wayoyin hannu ya bazu.

Kuɗinmu na kwana biyu ne. Ranar farko aka ɗauke wuta tun safe, muka sayi mai a galan muka tayar da janareta, aka ja shi can bayan gida don kada ƙararsa ta shiga. Waƙa shida muka samu. Rana ta biyu, muna tsakiyar ta bakwai, aka tsuge da ruwa irin na Jos, har da ƙanƙara, a kan rufin kwano. Oga ya ɗaga hannu a tsaya, mai ganga bai gani ba, idonsa a rufe. Da aka sake saurare, ga ƙanƙara nan tana bugun kwano a bayan komai, ga muryar mai ganga daga nesa ta makirufon da ke saman ganguna, ƙ ɗinsa ta fito tsaf kamar an fasa gyaɗa. A zagaye na ƙarshe kuma, abin da ba a shirya ba, mai waƙa ya bi shi suka faɗi layin tare, da k ɗinsa ta kullum. Na buɗe baki zan ce a sake. Yaya ya taka mini ƙafa.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa faifan ya yi kasuwa ba. Mun sa shi a Audiomack, mun raba ta WhatsApp, mun kai wa masu tura waƙoƙi a waya a Taminus, ɗayansu ya saurari rabin minti ya tambaye mu ko fayil ɗin ya lalace ne. Sau ɗaya aka kaɗa shi a gaban jama'a, a bikin zagayowar ranar haihuwar wata 'yar ajin mai bes, aka kuma roƙe mu mu tsaya bayan waƙa ta uku. Da aka janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba na dawo makaranta. Daga baya Yaya ya sami aikin kiɗa a wani coci a Abuja, mai bes ya tafi Onica koyon kasuwanci. Idan na saurara yanzu ina jin kurakurai da yawa, waƙa ta huɗu ma har yanzu da sauran Hausar labarai a cikinta, laifina ne.

Amma kafin mu watse sai da muka cika wa Yaya burinsa na faifan da za a riƙe a hannu. Muka kwafi guda 50 a faifan CD, na buga kalmomin waƙoƙin a kwamfuta da ƙugiyoyinsu cif-cif, na kai wani shagon buga takardu. Da aka fito da su sai na ga injin bai san haruffanmu ba. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, ya buga wani ɗan akwati fanko a wurin. Ba mu da kuɗin sakewa. Muka koma sito da biro biyar, muka zauna a kan buhuna, kowa ya ɗauki takarda goma yana cike akwatunan da hannu, ni ina faɗa musu wanda za a sa. Mai waƙa ya fi kowa jinkiri. Ya kai layin waƙa ta bakwai, ya juyo da takardar wajen mai ganga ya ce, "Kai, wannan kugiyan, ta dama yake lankwasa ko ta hagu?" Mai ganga ya karɓi biron ya zana masa ɗaya a bayan hannu, ya ce ya riƙa dubawa.